UMARU ALTINE: FALKEN SHANU DA YA ZAMA MAGAJIN GARIN INUGU

Wannan lacca ce da aka karanta a gaban taron fatake da dillalai da direbobi a Potiskum, Jihar Yobe. An buga ta a nan domin amfanin 'yan Arewa mazauna Ikko, Badun, Anaca, Inugu, Fatakwal da sauran garuruwan Kudu.



Abin da ya tara jama'a a nan yau shi ne labarin wani falken shanu, wanda ya bar ƙasar haihuwarsa a Lardin Sakkwato ya tafi neman abinci ƙasar Ibo, har Allah Ya nufa mutanen can suka ɗora shi bisa kujerar shugabancin babban birninsu. Sunansa Malam Umaru Altine. Babu kuwa inda ya fi dacewa a ba da labarin nan kamar Potiskum, domin karar garin nan tana cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, kuma mako ba ya wucewa ba a loda tireloli daga nan an nufi Kudu ba. Kowace tirela in ta tashi, da mutane take tashi. Waɗansu su sayar su komo, waɗansu kuwa su zauna can shekara da shekaru, su yi aure, su haifu, su tsufa. Maganar yau ta waɗannan masu zama ce. Wa ke yi musu magana a wurin da ake yanke shawara kan kasuwarsu, da matsuguninsu, da makarantar 'ya'yansu?

DAGA SIFAWA ZUWA INUGU

Malam Umaru Altine Bafulatani ne, mutumin Sifawa, garin nan da ke kudu da birnin Sakkwato, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna 'yan shekaru bayan jihadi kafin ya koma Sakkwato a 1815. Watau ya fito daga tsohon gari mai tarihi, ya nufi garin da a lokacin bai daɗe da kafuwa ba.

Inugu dai kwal ne ya haife ta. A 1909 Turawa suka gano kwal a duwatsun ƙasar Udi, a 1915 aka fara haƙarsa, a 1916 kuma aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga can zuwa Fatakwal domin fid da shi bakin teku. Nan da nan lebura da akawu da maƙeri da ɗan tireda suka yi ta kwararowa daga Anaca, da Owerri, da Awka, da wurare masu nisa. Filin garin na mutanen Ngwo ne da na Nike, amma yawancin waɗanda suka cika shi zuwa suka yi. Daga baya garin ya zama hedkwatar Lardunan Gabas a 1939, sa'an nan ya zama mazaunin gwamnatin tsohuwar Jihar Gabas.

To, duk inda ma'aikata masu albashi suka taru, dole a nemi nama. Ƙasar kurmi kuwa ba ta riƙe manyan shanu irin na Arewa, saboda ƙudan tsando da cutar sammore da yake sa musu. Saboda haka naman Inugu daga Arewa yake zuwa. Da can kora ake yi a ƙasa, a bi burtali kwana da kwanaki, a ƙetare Binuwai, shanu su isa a rame, waɗansu ma su faɗi a hanya. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932 sai taragon jirgi ya sami hanyar wucewa kai tsaye daga Arewa zuwa Gabas, ciniki ya ƙara buɗewa. A cikin mutanen da wannan ciniki ya kai Inugu, har suka zauna, akwai Malam Umaru Altine.

Yawancin waɗanda ke wurin nan ba sai an gaya musu yadda cinikin shanu yake ba, amma yana da kyau a tuna abu guda, domin a nan ne mabuɗin labarin yake. Falke ya kan sauka wurin maigida, maigida ya haɗa shi da dillali, dillali ya sayar wa mahauci, sau da yawa kuwa bashi ne, sai an yanka an sayar a biya. Mahaucin nan a Kudu galibi ɗan ƙasar ne, harshensa dabam, addininsa dabam. Ba takarda, ba sa hannu, amana ce kaɗai jari. Mutumin da zai daɗe cikin wannan sana'a a baƙuwar ƙasa tilas ya san wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, ya iya sulhu in rigima ta taso, ya san ƙofar hukuma, ya kuma riƙe alkawari ko da zai yi hasara. Duk wanda ya iya waɗannan, ya riga ya koyi rabin siyasa tun bai shiga jam'iyya ba.

YADDA YA HAU KUJERA

Ran 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan ma'aikatan kwal masu yajin aiki a ramin Iva Valley da ke Inugu, suka kashe mutum 21. Wannan ta'asa ta girgiza Nijeriya duka, ta kuma mai da Inugu wata cibiya ta masu neman mulkin kai. Jam'iyyar da ke da ƙarfi a can ita ce NCNC, wadda aka kafa a 1944, Herbert Macaulay na shugaba, Dokta Nnamdi Azikiwe na sakatare, kafin Azikiwe ya gaji shugabancin bayan rasuwar Macaulay a 1946. Shi kansa Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904, kuma da Hausa ya buɗe baki.

Malam Umaru Altine bai tsaya a bakin kara yana kallon siyasar garin kamar abin da bai shafe shi ba. Ya shiga NCNC, ya yi aiki cikin ƙungiyar samarinta, har ya zama shugaban reshenta na Inugu. Ya kuma auri 'yar ƙasar. Duk da haka bai sake suna ba, Malam Umaru ake ce masa har ya gama mulki, Musulmi a garin da galibin mutanensa Kirista ne.

Akwai kuma wata doka da ta share masa hanya. A 1950 aka kafa dokar ƙananan hukumomi ta Jihar Gabas, wadda ta kawo majalisun gari da na gunduma na zaɓe, bisa tsarin da aka kwaikwayo daga Ingila. A lokacin nan a Arewa mulkin gari yana hannun En'e, sarki da 'yan majalisarsa da hakimai. A Gabas kuwa sai aka raba gari unguwa-unguwa, kowace ta zaɓi kansila, kansiloli kuma su fid da shugaba daga cikinsu. Ta wannan ƙofa Malam Umaru ya shiga majalisar Inugu. Da aka ɗaga darajar garin a 1956 aka ba shi ikon yin Magajin Gari, sai ya zamana falken shanun nan na Sifawa shi ne Magajin Garin Inugu na farko, ya kuwa riƙe kujerar har 1958.

A lura da kyau, jama'a. Hausawa da Fulanin da ke Inugu a wancan zamani 'yan kaɗan ne ƙwarai in an gwada da sauran mazauna garin. Da ƙuri'arsu kaɗai ya dogara da ita, da bai kai ko'ina ba. Ba kuma sarautar zango aka naɗa shi ba, wadda ikonta ba ya wuce kan 'yan'uwansa baƙi. Majalisar da ya shugabanta ita ke da kasuwa, da mayanka, da tsabtar gari, da hanyoyin cikin gari, da kuɗin shiga, na ɗan ƙasa da na baƙo baki ɗaya. Mutanen da ba su haɗa harshe da shi ba su suka yarda ya riƙe musu waɗannan, domin sun zauna da shi a taron jam'iyya, sun sha wahalar gwagwarmaya tare, sun san halinsa.

Kada kuma a ɗauka zamanin nan ba shi da tasa rigima. A cikin shekarun 1950 ɗin nan ne aka yi tarzomar Kano ta watan Mayu 1953 tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu. A Inugu ma kanta, mutanen Udi da Nsukka da Awgu, waɗanda ke ganin su ne masu ƙasa, sun tashi suna kukan cewa baƙi sun mamaye majalisa da ayyuka. Abin mamaki, yawancin baƙin da ake nufi 'yan'uwansu Ibo ne daga Anaca da Owerri. Ashe maganar ɗan ƙasa da baƙo tsohuwar magana ce, kuma ba kullum ne take bin harshe ko addini ba. A tsakiyar wannan ja-in-ja Malam Umaru ya yi mulkinsa.

BA SHI KAƊAI BA NE

Wani zai ce ai wannan tsautsayin alheri ne da ya faɗa wa mutum ɗaya. To, ga waɗansu. A Anaca, Sarkin Hausawan garin, Umaru Yusha'u, ya sami kujera a Majalisar Sarakuna ta Jihar Gabas, watau baƙo daga Arewa ya zauna cikin masu duba dokokin jiha guda. A Ikko, Mbonu Ojike, mutumin ƙasar Ibo, ya yi Mataimakin Magajin Gari a farkon shekarun 1950. Azikiwe kansa daga Ikko aka zaɓe shi a 1951 zuwa Majalisar Jihar Yamma da ke Badun, kafin ya koma Gabas ya zama Firimiya a 1954.

Ga kuma wanda ya fi kusa da gida. Alhaji Ibrahim Imam, mutumin Yerwa, ɗan tsohon Lardin Barno wanda Potiskum ke cikinsa, ya yi Babban Sakataren NPC, ya bar ta a 1954, ya jagoranci ƙungiyar samarin Barno. Da siyasar gida ta yi masa zafi, sai mutanen Tibi, magoya bayan Joseph Tarka, suka tsai da shi a ƙasarsu a zaɓen 1961, suka aika da shi Majalisar Jihar Arewa a Kaduna. Babarbare Musulmi ya wakilci ƙasar Tibi. Waɗannan duka a ƙasar nan aka yi su, ba a wata duniya ba.

ABIN DA YA TSINKE IGIYAR

Sai 1966 ta zo da juyin mulki biyu da kashe-kashen da suka biyo baya. Dubban 'yan Gabas suka rasa rayukansu a Arewa, sauran suka gudu gida, 'yan Arewa mazauna Gabas su ma aka taɓa su, kuma a watan Oktoba na shekarar gwamnatin soja ta Gabas ta ce waɗanda ba 'yan jihar ba su fice, domin ba za ta iya lamunce tsaronsu ba. Ran 30 ga Mayu, 1967, aka yi shelar Biyafara, Inugu ce babban birninta, yaƙi bai ƙare ba sai a Janairu 1970. Amanar da aka yi shekaru ana ginawa ta rushe cikin 'yan watanni.

Bayan yaƙi mutane sun koma, ciniki ya farfaɗo, amma wani sabon abu ya shigo. Aka yi ta yanka ƙasa: jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, har suka kai 36 a 1996. Tsarin mulkin 1979 ya kawo ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, da niyya mai kyau ta kada wani sashe ya danne wani. Amma tun da za a raba da sunan jiha, sai aka shiga tambayar wane ne ɗan jiha, daga nan takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin aikin gwamnati da gurbin makaranta. Kowace sabuwar jiha kuwa sababbin baƙi take haifarwa. Mutumin Potiskum da ke aiki a Maiduguri ɗan gida ne har ran 26 ga Agusta, 1991. Kashegari aka ƙirƙiro Jihar Yobe, ya wayi gari ɗan wata jiha. A wannan rana ɗaya kuma aka ƙirƙiro Jihar Inugu daga tsohuwar Anambara. Yobe da Inugu tagwaye ne, ko da yake ba kowa ya sani ba.

Da wannan, da tsoron abin da ya faru a baya, sai ɗan Arewa mazaunin Kudu ya koma cikin zangonsa. Yana da Sarkin Hausawa, yana da limami, yana da shugaban kasuwa, kuma waɗannan suna da amfaninsu babba wajen sulhu da jana'iza da karɓar baƙi. Sabo ta Badun tun 1916 take kan wannan tsari. Amma sarkin zango roƙo yake yi, ba ya jefa ƙuri'a a majalisa. Ga shi kuma da yawa in zaɓe ya matso sai su cika mota su taho gida su yi zaɓe, su zaɓi kansilan garin da suke kwana goma a cikinsa a shekara, su bar garin da suke wata goma sha ɗaya ba su da ko murya.

Sakamakon haka a fili yake. A watan Fabrairu 2021 rikici ya tashi a kasuwar Sasa ta Badun, aka yi hasarar rayuka da dukiya, har fataken abinci da na shanu suka tsai da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. A watan Yuni 2022 gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, sana'ar da samarin Arewa masu yawa ke ci da ita. A 2023 gwamnatin Jihar Abiya ta ba da sanarwar za a kewaye karar Lokpanta, a mai da ita kasuwar yini, ba kwana a ciki. Kowace gwamnati ta ba da nata dalili, na tsaro ko na kiyaye haɗari, kuma ba wurin yanke mata hukunci ba ne nan. Abin dubawa shi ne, a duk waɗannan sai bayan an gama shawara ne ake tashin wakilai su je roƙo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA DOKA TA CE

Alhali kuwa ƙofar da Malam Umaru Altine ya bi ba a rufe take ba. Tsarin mulkin 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda kabila ko asali ko addini. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili da gida a ko'ina. Sashe na 106 kuwa, wanda ya jera sharuɗɗan zama ɗan majalisar jiha, abu huɗu ya nema: mutum ya zama ɗan Nijeriya, ya kai shekara 25 bisa gyaran da aka yi a 2018, ya yi ilmi daidai da na sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsai da shi. Ba a ce sai kakansa ɗan jihar ba ne. Bugu da ƙari, dokar zaɓe ta yarda wanda ya yi rajista a wani gari ya nemi Hukumar Zaɓe ta mai da rajistarsa inda yake zaune yanzu.

Akwai ma waɗanda suka gwada suka ga amfani. A zaɓen 2015 mazauna Oshodi da Isolo a Ikko suka zaɓi Jude Idimogu, ɗan kabilar Ibo, zuwa Majalisar Dokokin Jihar, suka kuma sake zaɓensa a 2019. A 2015 ɗin nan Rita Orji ta ci kujerar Majalisar Wakilai ta Ajeromi da Ifelodun. Ba sihiri suka yi ba. Mutanensu sun yi rajista a inda suke zaune, sun shiga jam'iyya tun daga mazaɓa, sun fito ran zaɓe. 

Saboda haka ga abin da labarin falken Sifawa ke koya wa mazaunin Kudu. Da fari, ya mai da katin zaɓensa garin da yake kwana yana tashi. Na biyu, ya koyi harshen masu masaukinsa, ya halarci taron unguwa da na masu gidaje, ya biya harajinsa ya adana rasiɗi, domin mai rasiɗi shi ke da bakin tambaya. Na uku, ya sa 'ya'yansa makaranta, maza da mata, har su gama sakandare, tun da yake ba ta yiwuwa a tsai da wanda bai cika sharaɗin ilmi ba, komai yawan shanunsa. Na huɗu, in an tashi neman kujera a fara daga kansila, a kuma nemi wanda maƙwabta 'yan ƙasa za su iya zaɓa da zuciya ɗaya, wanda zai yi maganar magudanar ruwa da asibiti na kowa, ba ta zango kaɗai ba. Ƙuri'ar baƙi ita kaɗai ba ta kai mutum majalisa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

HAKKIN DA KE KAN GIDA

Saura magana ɗaya, ita kuwa ta mutanen gida ce. Ba ya kyautuwa a nemi abu a garin wani, a hana shi a naka. Potiskum ta san wannan fiye da garuruwa da yawa. Gari ne na Ngizim da Karekare da Bolewa, wanda ya ƙara bunƙasa bayan an mai da mazaunin Sarkin Fika nan a 1924, Hausawa da Fulani da Barebari suka zo suka zauna, hanyoyin Kano da Maiduguri da Bauci suka haɗu a cikinsa. Da an kori kowane baƙo, da babu kara, da babu tasha. Ko a watan Mayu 2012, da 'yan bindiga suka faɗa wa karar nan suka kashe mutane da dabbobi, ba su tambayi kowa takardar asalinsa ba, kuma waɗanda suka sake ta da kasuwar ba kabila ɗaya ba ne.

To, akwai Ibo mai sayar da kayan mota, da Bayarabe mai gyaran inji ko ɗinki, waɗanda suka shekara talatin ko arba'in a garuruwan Arewa, 'ya'yansu ba su da wani harshe da ya fi musu Hausa. Ran da ɗayansu ya nemi kujerar kansila, a auna shi da ma'aunin da mutanen Inugu suka auna Malam Umaru Altine a 1956, watau a duba amanarsa da aikinsa. Duk abin da aka yi wa baƙo a Potiskum ko Kano, labarinsa zai riga tirela isa Anaca, kuma ɗan'uwanku da ke can shi zai girbi abin da aka shuka a nan.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya kiyaye matafiya a kan hanya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya zaunar da ƙasar nan lafiya. Wassalamu alaikum.